Ƙaramar Mota 'Yar Kwatano: Kuɗin Saye Daban, Kuɗin Riƙo Daban

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa ɗan Adam ababan hawa, tun daga jaki da raƙumi har zuwa motar zamani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, filinmu na harkokin gida a wannan fitowa zai leƙa gareji. Mai yiwuwa wani ya ce, me ya haɗa mujallar iyali da baƙin mai da sifana? Abin da ya haɗa su kuwa shi ne, a gidaje da yawa na ma'aikata da ƙananan 'yan kasuwa, bayan muhalli babu wani abu da magidanci yake zuba wa dukiya kamar mota, kuma duk ranar da ta kwanta a gareji, tukunyar gida ce take fara jin jiki. Sau nawa aka ɗage biyan kuɗin makarantar yara, ko aka rage cefane, ko aka taɓa jarin uwargida, don kawai a tayar da inji?

Ni kaina ban koyi wannan karatu a allo ba. A shekarar 2019 na sayi ƙaramar Toyota Starlet a nan Maraɗi a kan miliyan 1 da jika 300 na sefa, kuɗin da na yi shekara uku ina tarawa. Wata huɗu bayan haka, cikin zafin watan Afrilu, na ɗauko mahaifiyata da maiɗakina za mu suna a Tasawa. Mun yi nisa sai na ga allurar zafi ta fara hawa. Na ce a raina bari dai mu kai ƙauyen da ke gaba, ai bai fi kilomita 5 ba. Inna ta ce, "Ɗan nan, ina jin ƙauri." Na ce mata, "Inna, ai mun kusa." Ba mu kai ba. Tururi ya turnuƙe gaban motar, inji ya mutu, muka yi awa uku a gindin gawo kafin a sami mai jan mu. Abin da ya fashe tun farko tiyon ruwa ne na jika 3. Abin da na biya a ƙarshe jika 92 ne, domin wannan kilomita 5 ta ƙona gaskit ta kuma lanƙwasa kan inji. Tun daga ranar na buɗe littafi ina rubuta kowane dala da motar ta ci, kuma daga cikinsa ne zan tsakuro muku abin da ke tafe.

Daga ina motocin nan suke fitowa?

Yana da kyau mai saye ya san tarihin abin da zai saya. Mafi yawan ƙananan motocin da ke yawo a titunan Maraɗi da Damagaram da Katsina da Kano sun gama rayuwa ɗaya a Turai kafin su fara ta biyu a wurinmu. A birnin Burusal na ƙasar Beljiyam akwai unguwa sukutum, a kewayen titin Heyvaert, da ta shahara da tara tsofaffin motoci, ana loda su a jirgin ruwa daga tashar Antwerp zuwa Kwatano da Lome. Daga nan ne sunayen "'yar Beljiyam" da "'yar Kwatano" suka samo asali. Kasuwar ta ƙara bunƙasa bayan karya darajar sefa da rabi a watan Janairu 1994, lokacin da sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci. Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta bayyana a rahotonta na 2020 cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma, wajen kashi 40 cikin 100.

Hanyar zuwansu ma ta sauya. Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin tudu daga Janairu 2017. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar kuma aka rufe iyaka da Benin, kaya suka koma zagayowa daga Lome ta Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin mota da na kayan gyara suka ƙara hawa. Saboda haka motar da ke hannunka a yau ta fi wuyar musanyawa fiye da da, kiyaye ta kuwa ya zama wajibin hankali.

Sai kuma shekaru. Kamfanin Toyota ya daina ƙera tsohuwar Starlet a 1999, ya maye gurbinta da Yaris. Ke nan ko autar cikinsu ta haura shekara 25 a duniya. Golf 3 ta fito a 1991, Peugeot 206 a 1998. Ƙarfe yana jure shekaru, amma roba ba ta jurewa: tiyo da bel da bushin da wayoyi duk suna bushewa ko da mota tana ajiye a rumfa. Kuma an ƙera motocin nan ne don ƙasar sanyi da kwalta mai santsi, ga shi mun kawo su ƙasar da zafi yake haura digiri 40 a bazara, hunturu kuma ya zo da ƙura.

Zafi, babban abokin gaba

In aka ce in zaɓi cuta ɗaya da ta fi kashe injuna a ƙasarmu, zafi zan zaɓa. Ruwan da ke zagaya inji yana ɗauko zafi ya kai lagireto, iska da fanka su huce shi, famfo ya sake mayar da shi. Marfin lagireto yana matse ruwan ta yadda ba zai tafasa a digiri 100 ba sai ya kusa 120. Da zarar marfi ya saki, ko tiyo ya tsage, ko fanka ta tsaya, ko laka ta toshe hanyoyin lagireto, sai zafi ya taru a kan inji, wanda galibi na alminiyam ne, ya lanƙwashe, gaskit ɗin da ke tsakaninsa da gangar inji ya ƙone, ruwa da mai su gauraya.

Akwai al'adu biyu da muka saba da su masu jawo wannan. Ta farko, zuba ruwan rijiya ko na famfo tsagwaronsa. Ruwan nan yana ɗauke da gishiri da kanwa, yana barin dattin da kake gani a gindin butar shayi, yana kuma cin ƙarfe daga ciki. Ruwan sanyaya inji na galan, mai launin kore ko ja, an haɗa shi da maganin tsatsa, kuma kuɗinsa bai kai rabin na juye ɗaya ba. Ta biyu, cire tamostat da sunan wai "na ƙasar sanyi ne". Aikin wannan ɗan ƙarfe shi ne ya riƙe inji a zafin da ya dace da shi. In an cire shi, inji yakan daɗe bai ɗumama ba da safe, ya sha fetur fiye da kima, ya kuma riƙa cin jikinsa. In ya lalace a sa sabo, kada a bar gurbinsa fayau.

Doka ɗaya nake roƙon kowane direba ya haddace, ya kuma koya wa uwargida da yaran da ke tuƙi: allura ta taɓa ja, a tsaya nan take, a kashe inji. Kada a buɗe marfin lagireto sai ya huce, domin ruwansa yana sulluɓe fata. Jinkirin awa ɗaya a bakin hanya ya fi jinkirin sati biyu a gareji.

Baƙin mai da ƙura

Baƙin mai shi ne jinin inji. Ƙaramar mota ba ta cin fiye da lita 3 zuwa 4, kuma a ƙasa mai ƙura irin tamu bai kamata ya wuce kilomita 5.000 ba a yi juye ba, tare da sauya matatarsa. Da yawa daga cikinmu ƙari kawai muke yi, in ya ragu a cika, har man ya yi kauri kamar kwalta ya toshe hanyoyinsa. Wani kuma ya sayi man awo a kwalba, wanda bai san ko tsohon mai ne aka tace aka sake sayarwa ba. Ranar da jar fitilar nan mai siffar buta ta kama ana cikin tafiya, ma'anarta mai ba ya kaiwa ga ƙarafan ciki, kuma 'yan mintoci sun isa inji ya buga. Injin da ya buga kuwa, ko dai a sauke shi a yi masa babban aiki, ko a sayi wani tsohon a ɗora, kowanne daga ciki yana iya lashe kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin motar.

Matatar iska ma haka. Ƙurar hunturu tana da laushi a ido, amma a cikin inji zarto ce: tana cin zobban fistan har mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi. A kakkaɓe matatar duk mako biyu a lokacin hunturu, a sauya ta in ta yi baƙi. Na taɓa ganin direban tasi ya cire tasa gaba ɗaya wai don mota ta ƙara gudu. Ta yi gudun kuwa, na wata shida.

Bel ɗin da ba a gani

A cikin injin Starlet da na 206 da na Golf 3 akwai wani bel mai haƙora a ɓoye bayan murfi, wanda makanikai ke kira taimin bel. Shi ne yake daidaita motsin fistan da na bawul. Ba ya ƙara, ba ya gargaɗi, tsinkewa kawai yake yi. Ana sauya shi a wajejen kilomita 100.000, ko bayan shekara 5 ko da mota ba ta yi wannan tafiya ba. A injin Starlet galibi mota tsayawa kawai take yi in ya tsinke. A 206 kuwa fistan yana dukan bawul ya lanƙwasa su, aikin jika 30 ya koma na jika 100 ko fiye. Tun da ba ka san ranar da Baturen da ya riƙe motar ya sauya nasa ba, ka ɗauka bai sauya ba, ka sa sabo a watan farko tare da famfon ruwa. Yaris ta farko mai shan fetur sarƙa gare ta maimakon bel, ita abin da take nema shi ne baƙin mai mai tsabta.

Fetur na tasha da na bakin hanya

Shekara da shekaru mutanen Maraɗi sun dogara da 'yan ruwa-ruwa masu sayar da man Nijeriya a kwalabe, saboda araharsa. Matatar mai ta SORAZ da ke kusa da Damagaram ta fara aiki a Nuwamba 2011, sa'an nan a ranar 29 ga Mayu 2023 Nijeriya ta janye tallafin fetur, araha ta ƙaura. A Yuli 2024 gwamnatin Nijar ta sauke farashin lita daga sefa 540 zuwa 499. Man kwalba yana shan ƙura da ruwa, wani lokaci a gauraya shi da kananzir. Tsohuwar mota mai kafireto takan daure, a wanke ta a ci gaba. Mota mai nozul ba ta da wannan haƙuri: datti yana toshe nozul ya kashe famfon mai. Famfon nan a cikin tanki yake, fetur ne yake sanyaya shi, saboda haka mai yawo kullum da lita 2 a tanki yana gajarta masa kwana. Wanda ya iya, kada ya bari allurar mai ta sauka ƙasa da kwata.

Ƙafafu, kuloci, birki da taya

Ƙaramar mota an yi ta ne don mutum biyar da 'yar jaka. Mu kuwa mukan ɗora mata mutum bakwai da buhun gero biyu da rago a but, mu bi hanyar burji mai kwazazzabo. Sai shokozoba ta zubar da mai, bushin su farfashe, sitiyari ya fara rawa, taya ta cinye gefe ɗaya. In ka ji ƙas-ƙas lokacin da kake shan kwana, kan shaf ne ya sha ƙasa saboda robar da ke rufe shi ta yage, robar da kuɗinta bai kai na kilo ɗaya na nama ba. Kuloci kuwa yashi ne ajalinsa: mota ta kafe, direba ya yi ta danna totur yana riƙe da rabin kuloci har faranti ya ƙone. Gara a fita a tone yashin a tura.

Ƙasa ita ce take zaɓar motar da za ta zauna lafiya a cikinta, kuma misali mafi bayyana a kan haka yana wurin danginmu Hausawan Sudan, jikokin mahajjata da masu hijira da suka zauna a gabas, musamman a jihar Gadarif mai noman dawa da riɗi. Ƙasarsu baƙar laka ce, tana tsattsagewa da rani, da damina kuma ta zama danƙo. Ƙauyen Umm Rakuba da ke kusa da garin Doka, inda aka sake buɗe sansanin 'yan gudun hijira a Nuwamba 2020 domin waɗanda suka gudo daga yaƙin Tigray na Habasha, ya nuna wa duniya wannan a daminar 2021, lokacin da manyan motocin agaji ma suka sha wuyar isa wurin. A irin wannan ƙasa, ƙananan motocin Koriya irin su Atos da Tico, waɗanda suka cika biranen Sudan, na kwalta ne da rani kawai, da damina tarakta ce abin dogaro. Darasin a gare mu shi ne, kafin ka tambayi kuɗin mota, ka tambayi kanka wace hanya za ta riƙa bi. Mutumin da gonarsa take cikin jigawa, ko ƙauyensu yake bayan fadama, ya yi tunani sau biyu kafin ya sayi mota mai gajeren ƙafa.

Ruwa ma yana da nasa. A ambaliyar da ta auka wa Maraɗi a ƙarshen Agusta 2024 mun ga yadda tituna suka zama gulbi. Bakin da inji yake shaƙar iska a ƙaramar mota bai fi tsayin gwiwa ba. In ya shaƙi ruwa, fistan ba ya iya matse shi, sai ƙarfen da ke riƙe da shi ya lanƙwashe. Motar da ta mutu cikin ruwa kada a yi mata ki, a ja ta zuwa gareji.

Birki da taya kuwa ba a jinkirta su, domin rai ne a kansu, naka da na wanda yake tafiya a ƙasa. Man birki yana tsotsar danshi, ana son sauya shi duk shekara 2. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an ƙera ta a mako na 23 na 2018. Tayar da ta haura shekara 6 ta fara bushewa ko da zanenta yana nan raɗau. Haka kuma wadda take da hoton ƙanƙara a gefe ta lokacin sanyin Turai ce, robarta mai laushi ce, kwaltar Afrilu tana cinye ta da sauri.

Wuta

Zafi yana dafa batir, shi ya sa a wurinmu wanda ya yi shekara 2 ya yi ƙoƙari. Kafin ka sayi sabo ka sa mai gyaran wuta ya auna maka. Lafiyayyen batir yana nuna bolt 12,6 in mota tana kashe, in tana aiki kuma wajen 14. In bai kai haka ba alhali inji yana juyawa, altaneta ce ba ta caji, kuma sabon batir zai mutu kamar na da. A kuma guji ɗaure fis da zaren waya in ya ƙone. Fis yana ƙonewa ne don ya ceci sauran wayoyi, wanda ya hana shi ƙonewa ya gayyato gobara.

Ga lissafin

Wannan shi ne abin da littafina ya nuna a shekarar farko, da farashin wancan lokaci: juye sau uku, jika 39, gaskit da gyaran kan inji, jika 92, batir, jika 38, tayoyi biyu, jika 50, shokozoba biyu da bushin, jika 45, kuloci, jika 40, taimin bel da famfon ruwa, jika 30, ƙananan abubuwa irin su fulogi da takalmin birki da faci da ƙwan fitila, jika 26. Jimla jika 360, wato jika 30 kowane wata, fiye da kwatan kuɗin da na sayi motar. Ban sa fetur a ciki ba. Motar tana shan lita 7 a kilomita 100, ina tafiyar kilomita 1.000 a wata, lita 70 ke nan, a kan 540 ya kama sefa 37.800. Ban kuma sa inshora da harajin shekara ba. A shekara ta biyu gyara ya sauko ƙasa da rabin na farko, domin na riga na biya bashin sakacin masu motar na baya da nawa.

Farashi ya tashi tun daga lokacin, amma ma'aunin yana nan. Wanda yake da miliyan 2 kada ya sayi motar miliyan 2. Ya nemi ta miliyan 1 da rabi, ya ajiye sauran domin shekarar farko. Kuma ya zauna da iyalinsa su yi lissafi tun kafin a saya, a ware kuɗin mota daban da na abinci da makaranta da magani. Ciyar da iyali wajibi ne a kan magidanci, mota kuwa sauƙi ce da Allah Yake ba wanda Ya so. Wanda ya ci bashin ruwa don ya sayi mota ya haɗa wa kansa nauyi biyu, na duniya da na lahira.

Kafin ka miƙa kuɗi

Ba a cinikin biri a sama. Ka je da makaniken da kai ka ɗauko, ba wanda dillali ya nuna maka ba. Ku je da sassafe inji yana sanyi, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye ciwonsa. Ka duba hayaƙi: shuɗi alamar shan baƙin mai ne, fari mai kauri da ba ya yankewa alamar ruwa yana shiga inji, baƙi kuma fetur ne yake yawa. Ka buɗe marfin baƙin mai, in ka ga abu kamar kindirmo a jikinsa, ka yi hattara. Ka leƙa ƙarƙashi, domin a Turai ana zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, yana cin ƙarfe daga ƙasa alhali fenti yana sheƙi a sama. Ka duba ko an fasa salansa an cire abin tace hayaƙin nan da ake kira indomi a Nijeriya, wanda ake sayarwa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa. Kada ka gaskata lambar kilomita, ana mayar da ita baya. Ka dubi yadda robar feda da sitiyari da kujerar direba suka ci. Motocin fetur na Turai daga 2001 suna da wurin da ake jona na'urar bincike, ka biya a jona. A ƙarshe ka tuƙa ta aƙalla rabin awa, a kwalta da burji.

Sa'an nan takardu. Lambar da ke jikin ƙarfen mota ta dace da ta takardar duwan da ta katin mallaka, harafi da harafi. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilu 2023 an wawashe motocin bayin Allah masu yawa a Hartum da Wad Madani, an fitar da wasu zuwa ƙasashen maƙwabta. Mota mai kyau da aka yi mata kuɗin banza ba tare da takarda ba, wataƙila hawayen wani ne a kanta. Kayan ƙwace ba ya halatta don an biya kuɗi, kuma ranar da mai shi ya bayyana, shi ya fi cancanta da abinsa.

Haƙƙin ciniki

Ina yaro nakan zauna a zaure ina ganin masu rigimar ciniki suna zuwa wurin mahaifinmu, wanda yake limanci a unguwa. A da jaki ne da sa, daga baya babur da mota. Tambayarsa ga mai sayarwa ɗaya ce kullum: "Malam, ka san da aibin nan ranar da ka sayar?" Wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani ya san cewa algus da yaudara da ɓoye aibi duk haramun ne, kuma mai saye in ya tarar da tsohon aibin da ba a faɗa masa ba yana da zaɓin mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa. Zuba mai kauri don a ɓoye ƙarar inji, da mayar da kilomita baya, da cire ƙwan fitilar gargaɗi, duk suna cikin wannan babi. Mu da muke kukan an cuce mu ranar saye, mu tuna cewa wata rana mu ne masu sayarwa. Ni dai in Allah Ya kawo ranar rabuwa da tawa, littafin nan zan miƙa wa mai saye tare da mabuɗi.

Tsakaninka da makanike ma akwai haƙƙi ta kowane ɓangare. Ku yi jinga kafin ya sa sifana, a san kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban. Ka nemi a ba ka tsohon abin da aka cire. Ka tambaya ko abin da za a sa sabo ne na asali, ko sabo ne na kwaikwayo, ko tsoho ne na Beljiyam irin wanda ake samu a nan gida ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Sau da yawa tsohon na asali ya fi sabon kwaikwayo ƙarko, amma ban da bel da takalmin birki da gaskit, waɗannan sababbi ake sawa. In ya gama aiki ka biya shi a kan lokaci ba tare da ja-in-ja ba, domin da yawa daga cikin makanikan da muke zargi da ha'inci, mu ne muka koya musu da cewa "a lallaɓa dai". Shi kuma makanike ya ji tsoron Allah a kan motar da aka bar masa amana: kada ya yi yawo da ita, kada ya cire lafiyayye ya sa maras lafiya, in bai gane ciwon ba ya faɗa.

Motata tana nan har yau, ta kai Inna asibiti da tsakar dare fiye da sau ɗaya, ta kai yara makaranta, ta ɗauki maƙwabta zuwa jana'iza da biki. Kowace Juma'a da safe, kafin in yi wanka, nakan buɗe gabanta in duba ruwa da baƙin mai da man birki, in zagaya tayoyi, in leƙa ƙasa ko wani abu ya ɗiga. Minti 10 ne. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah Ya sa albarka a cikin abin da Ya ba mu, Ya hore wa marasa shi ta hanyar halal, Ya tsare mu da iyalanmu daga haɗarin hanya, Ya kawo wa 'yan'uwanmu na Sudan zaman lafiya. Amin.